Ƙwallon da Ke Ƙasa da Ɗigo

Har gobe ban manta ranar da mai duba makarantu ya zauna a bayan ajina ba, lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a Birnin Gwari. Ƙa'idar aikinmu ita ce sai an ga darasin malami an rubuta rahoto kafin a yi masa ƙarin girma.

Darasin awon siffofi ne. Na nuna wa 'yan aji biyar cewa ƙwallo yana da tsawo da faɗi da kauri, wato mataki uku ke nan. Faifai yana da biyu, layi ɗaya, ɗigo kuwa sifili. Sai Rifkatu, wata ɗaliba da iyayenta ke noma a gefen dajin Kamuku, ta ɗaga hannu.

"Malam, ka koya mana akwai lambobi ƙasa da sifili. To, wace siffa ce a ƙasa da ɗigo, kuma mene ne girmanta?"

Zan iya ce mata babu wannan a manhaja. Na dubi baƙon, na dube ta, na ce ban sani ba, amma zan nemo. Bayan an tashi, shugaban makaranta ya kira ni ofis, ya ce malami mai shekara goma sha biyu a aji ba ya faɗin haka a gaban baƙo. Ƙarin girman bai zo ba a wannan shekarar.

Sai da na yi mako uku kafin na samu tsohon malamina na Zariya ta waya. Ya ce siffar dai ba mai iya zana ta, amma akwai ƙa'idar da ke haɗa girman ƙwallo da na wanda ke mataki biyu a ƙasansa. Idan daga tsakiya zuwa gefe awo ɗaya ne, ka sauko daga mataki uku zuwa ɗaya, wato layi, girman zai fito biyu. Ka ƙara saukowa ƙasa da sifili da mataki ɗaya, sai ta ba ka ɗaya bisa pai, lambar nan ta awon da'ira.

Ranar Litinin na shiga aji da takardata, na tarar kujerarta ba kowa. 'Yan bindiga sun kashe mahaifinta a gona ranar Asabar, uwar ta kwashe su sun koma kudancin Kaduna. Na kwafe bayanin a shafi biyu, na sa lambar wayata, na ba wani direba da ya san cocinsu. Shiru har damina ta wuce.

Wata rana ina cikin gyaran jarrabawa, saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba: "Malam, Rifkatu ce. Na gwada mataki biyu ƙasa da sifili, girman ya fito sifili. Daidai ne?" Na lissafa sau biyu. Daidai ne. Na rubuta mata amsa.

Ku da kuka shigo aikin nan na koyarwa yanzu, kada ku ji kunyar cewa ba ku sani ba. Amma ku nemo amsar da wuri, domin a ƙasarmu ba ka da tabbacin wanda ya tambaye ka yau yana kan kujerarsa mako mai zuwa.