Abin da Anti ta Gani a Ƙafata ta Hagu

Ko da zan manta da komai na 'yanmatancina, ba zan manta da yammacin da aka ce in taka a kan dunduniyata daga bakin ƙofa zuwa gindin firji ba, na kasa. Sai dai kafin in kai nan, bari in faɗi yadda aka yi na san matar da ta sa ni wannan takun.

Lokacin na gama sakandare, ina zaman jiran sakamako a gidanmu da ke Ƙauyen Alu. Shekarar zaɓe ce, motocin kamfen na ta zagaye unguwa da lasifika, ni kuwa ban da wanke-wanke da barci ba abin da nake yi. Wata ƙawata ce ta ja ni wani gida a Gyaɗi-Gyaɗi, gidan wata ma'aikaciyar asibiti da kowa ke ce wa Anti. A sashen gashi take aiki, inda ake sake koya wa masu karaya da masu shanyewar ɓarin jiki tafiya. A falonta akwai wata tabarmar roba da ta samo a gwanjo, an zana mata kibiyoyi huɗu: gaba, baya, hagu, dama. Ana jona ta da kwamfuta da talabijin. Kiɗa na tashi, kibiyoyi na hawowa a allo, ke kuma ki taka wadda ta iso daidai lokacin da ta iso. In kin dace maki ya hau, in kin makara a rubuta miki kuskure.

Kiɗe-kiɗen da suka zo da wasan duk na waje ne, ba su shiga jikinmu ba. Sai 'yan matan suka koyi ɗora namu. Mace za ta ɗauki kiɗan ƙwarya ko na kalangu, ta toshe kunne da iyafis, ta zauna tana dasa kibiya a kan kowane bugu har kiɗan ya ƙare. Wannan aikin shi muke kira tsari. Akwai masu tsari, akwai masu taku. Ni ban taɓa iya tsari ba, ba ni da wannan haƙurin, amma a taku ba na jin akwai wadda ta kama ni a lokacin.

Da abin ya yaɗu, wasu suka sayi tasu tabarmar, aka buɗe guruf a waya, har da 'yan Unguwa Uku da wasu da ban taɓa gani ba. Aka kafa doka: tsari ba ya shiga kundin guruf sai masu taku uku sun gwada shi sun turo bidiyo da ra'ayinsu, sannan Anti ta duba ta amince. Bidiyon kuwa ƙafafu kawai ake ɗauka. A jingine waya a ƙasa jikin gwangwanin madara, daga ƙwauri zuwa tabarma, shi ke nan, don ba wadda ke so a wayi gari a ga fuskarta tana rawa a wayar samarin unguwa. Haka muka san juna da ƙafa kafin fuska. Akwai mai jan lalle, akwai mai zobe a yatsa, akwai wadda aka addaba da tsiya a kan faso har sai da ta sayi man shafawa ta turo hotonsa a matsayin shaida.

A bayan idonta Kwastan muke ce wa Anti, don ba abin da ke wucewa ta gabanta ba a kwance shi ba. Tsarin da kowa ya yaba, ita sai ta dawo da shi ta ce a nan an sa ƙafa ɗaya ta yi bugu biyu a jere cikin sauri, a can kuma an sa mutum ya harɗe ƙafafu. Da zani ɗaure take gwada kowane tsari, ta ce haka yawancinmu ke takawa a gida, duk inda zani ya riƙe ta to zai kayar da wata. Maganar da ta fi yawan yi wa masu tsari ita ce, su da yatsa suka dasa kibiyoyin, mu da ƙafa za mu bi su. Muna jin haushinta, muna kuma jiran amincewarta kamar sakamakon jarrabawa.

Wata ɗalibar koyon jinya, shiru-shiru, ta turo tsarinta na farko mai wahala, a kan wani kiɗan kalangu mai sauri. Aka ba ni cikin masu gwaji. A lokacin na rage zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, a gidan ƙawata nan Tarauni nake takawa tunda ta sayi tabarma. Na gwada, na sake gwadawa, kibiyoyin hagu suna ta wuce ni. Dama lafiya, gaba da baya lafiya, hagu kuwa kafin in sauke ƙafa an rubuta mini kuskure. Na turo bidiyo na rubuta abin da na ji tsakanina da Allah: kibiyoyin hagu suna riga kiɗan isowa.

Maganata tana da nauyi a guruf, sai kowa ta bi. Ɗaya daga masu gwajin, wadda ta ci maki mai kyau, ta dawo ta ce ita ma yanzu da ta sake saurare kamar ta ji hakan. Wata ta ce ko kunnen hagun mai tsarin ne ya toshe, aka yi ta turo fuskokin dariya. Ɗalibar ta ce ta duba sau da yawa ba ta ga matsalar ba, amma in haka ne za ta janye tsarin. Anti ba ta ce uffan ba. Kwanaki suka wuce, har aka fara cewa Kwastan ta tafi yajin aiki. Sai ga saƙonta, layi ɗaya: a dakata da maganar tsarin nan. Ba a jima ba wayata ta yi ƙara.

Ba ta yi dogon gaisuwa ba. Ta tambaye ni ko Ummata na gida, ta ce mu zo tare bayan la'asar. Na ɗauka laifi na yi. Umma ma haka ta ɗauka, don da ma ba wani son wasan take ba, tun daga ƙofar gida har muka sauka daga adaidaita faɗa take yi mini, wai ga shi tsalle-tsallena ya kai a kira ta kamar an kira uwa makaranta.

Anti ta ba Umma ruwa, ta zaunar da mu gaban talabijin. Ta ce mini ta bi maganata tun daga tushe. Da farko ta rufe ido ta saurari kiɗan tana buga cinyarta, sannan ta buɗe ta gwada da kibiyoyin, ta ga suna kan bugu. Ta ɗaura zani ta taka da kanta, hagu bai riga ta ba. Ta ce to ko tabarmar ƙawata da nake takawa a kai ce ɓangaren hagunta ya fara mutuwa, sai ta sa ƙawata ta taka a kan tabarmar ta turo mata a ɓoye, ita ma hagu bai riga ta ba.

Ta dube ni ta ce, "Tsari ya fita, tabarma ta fita. Saura ke."

Sai ta kunna bidiyo biyu gefe da gefe, ta kashe sautin, ta rage musu gudu. Na farko tsoho ne, na watannin baya, na gane shi da lallen bikin 'yar kawuna. A ciki ƙafafuna biyu suna sauka da kan yatsu, sakayau. Na biyu shi ne wanda na turo a satin. Dama tana nan yadda take. Hagu kuwa sai gwiwa ta ɗaga sama fiye da kima, yatsun suna reto ƙasa, sannan tafin ya faɗo gaba ɗaya kamar an yar da shi. Ni na ɗauki bidiyon nan da hannuna, na kalle shi kafin in tura, ban ga komai ba, maki kawai nake kallo. Ta nuna mana wasu na tsakani, ɗaya bayan ɗaya, abin yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan.

A nan ne ta ce in cire takalmi, in ɗaga yatsun ƙafafuna sama, in taka a kan dunduniya zuwa gindin firji. Na yi dariya, don abin ya yi kama da wasan yara. Yatsun dama suka tashi. Na hagu na ce su tashi, suka ƙi. Na sake cewa, ina kallonsu, kamar ƙafar wata aka ajiye a gabana. Ban san lokacin da na dafa bango ba.

Ta fara tambayoyi cikin sanyin murya, Umma ce ma ta riƙa amsa yawancinsu. Ko takalmi na yawan zame mini? Umma ta ce silifas ɗin hagu kullum sai ya fice, har ta yi mini faɗan jan ƙafa. Ciwon baya fa? Akwai, an daɗe ana shafa mini man zafi, mun ɗauka wanki ne. Rama? Umma ta ce ta ɗauka zaman jiran sakamako ne ke cina. Gumi cikin barci, zazzaɓin da ke zuwa da yamma ya tafi? Duk akwai. Kowanne mun ba shi dalilinsa daban, ba wanda ya taɓa haɗa su wuri ɗaya.

Umma ta ajiye kofin ruwan, ta ce, "Sista, ki gaya mini gaskiya. Shanyewa za ta yi?"

Anti ta ce, "Hajiya, ni ba likita ba ce, ba zan faɗi abin da ban sani ba. Abin da na sani, wannan ƙafar ba a kai ta sati mai zuwa. Gobe da safe ku same ni a bakin asibiti."

Muka kama hanyar komawa ni da Umma. Ta riƙe gwiwata ta hagu da hannu biyu har gida, duk ramin da adaidaita ya faɗa sai ta ƙara matse ta.

Washegari Baba ya nemi izini a wurin aiki muka tafi. Anti na tsaye tana jiranmu, ita ta yi wa likita bayani a taƙaice, ta nuna masa bidiyon a wayarta. Aka ɗebi jini, aka sa ni cikin wata na'ura mai kama da bututu, mai ƙara kamar ana fasa dutse, aka ce kada in motsa. A ciki na karanta duk addu'ar da na sani. Da sakamako ya fito likita ya ce tarin fuka ne ya kama ƙashin bayana, kumburin yana danne jijiyar da ke ɗaga ƙafa. Na ce masa ai ni ba na tari. Ya ce ba a huhu kaɗai yake zama ba. Ya kuma gaya wa Baba, ina ji, cewa da an ƙara jinkiri da ƙashin ya lotsa, kuma ba ƙafa ɗaya za a yi magana a kai ba. Ban taɓa ganin Baba ya cire hula a gaban mutane ba sai ranar.

Abin da ya biyo baya dogo ne. Magani kullum da sassafe kafin karin kumallo, wata da watanni, mai mayar da fitsari ja har na firgita ranar farko. Bel mai tauri a kugu. Kwanciya har sai da na san kowane tabo a silin ɗin ɗakinmu. Daga baya aka tura ni sashen gashi, na faɗa hannun Kwastan da kanta, kuma wallahi a can ta fi tsanani. Ina kuka tana cewa in sake ɗagawa. Ranar da babban yatsana ya motsa, ɗan kaɗan, ba ta yi tafi ba, cewa ta yi ta gani, in ƙara.

A guruf kuwa ba ta taɓa faɗin abin da ya same ni ba, sai da ni na faɗa da bakina. Abin da ta rubuta kawai shi ne hagun tsarin ba shi da laifi, amma kusa da ƙarshe akwai inda dama ke bugu biyu a jere, a gyara. Ɗalibar ta zo duba ni da lemo a leda, tana ba ni labarin yadda Anti ta sake dawo mata da shi har sau biyu kafin ya shiga kundi, muka yi dariya har bayana ya amsa.

Yanzu ina tafiya da ƙafafuna. In na gaji hagun takan ɗan ja, kuma ban koma taku mai sauri ba. Tsoron ne bai sake ni ba. Duk safiya kafin in sauko daga gado sai na ɗaga yatsuna na gani, in na ji ɗan ciwo a baya sai gabana ya faɗi.

Wata rana a sashen gashi na tambaye ta me ya sa ba ta yarda da ni ba tun farko, kamar yadda kowa ya yarda. Tana murza mini idon sawu, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wa ya ce ban yarda da ke ba? Kin ce kibiya tana riga ki, kuma tana riga ki ɗin. Aikina in gano dalili."

Abin da na koya ke nan. Mu duka mun ji ƙorafi mun yi saurin neman wanda za a ɗora wa, don a gama a wuce. Ita ta ɗauki ƙorafin da muhimmanci fiye da ni da na yi shi, ta bi shi a hankali har inda ya fito, a kan wasan da ba a biyan kowa, wanda ba wanda zai tuhume ta in ta sa hannu ba ta duba ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya tsaya ya duba aikina da kyau ya dawo mini da shi, ko da na ji zafi, godiya nake yi masa. Na san abin da irin wannan dubawar ta tsare mini.