Tsallen Ndabeni a Gaban Akwatin Hoto

Ndabeni mutumin Nongoma ne. Shekararsa goma sha ɗaya yana jan rikisha, keken nan mai taya biyu, a bakin tekun Durban. Ƙato ne, ƙwaurinsa kamar turmi, ba ya dariya sai in ya hango fasinja. Shi ya sauko da Jubela, ɗan ƙanin mahaifinsa, daga ƙauye. Shi ya koya masa riƙon sandunan keke da shafa farar ƙasa a ƙafa har ta yi kama da safa. Ƙahonnin bijimin da Jubela ke ɗaurawa a ka ma nasa ne, tsofaffi, ɗaya har ya tsage.

Ran Lahadi bakin teku huluna ne zalla. Matan Turawa da faifan hulunansu masu gashin jimina, mazansu da 'yan malafu masu shafaffen kai, Indiyawa da rawani, ga jar dara nan da can. A cikin wannan taro Govinda mai hoto ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku, ya duba 'yan rikisha ɗaya bayan ɗaya, ya wuce Ndabeni kamar ya wuce turke, ya yafito Jubela.

Wata bai ƙare ba sai ga fuskar Jubela a katin gidan waya, an jera a tagogin kantuna. Har Nongoma kati ɗaya ya kai, ya zaga gida-gida. MaZungu, matar Ndabeni, ta ba wani mai dawowa birni saƙo: ashe Jubela ya zama babban mutum, a gaishe shi.

Kwana biyu tuwon masara bai wuce wa Ndabeni ba. Duk wanda ya tsaya kusa da shi sai ya ji.

"Ƙahona ne fa a katin nan! Ku dubi tsagar!"

Sai ya shiga haɗa hular da ba a taɓa gani ba. Ƙaho huɗu ya samo a mahauta, ya kankare, ya goge da kitse. Ya jera duwatsun ado, ya kafa ƙayar beguwa, ya soka gashin jiminar da ya tsamo daga hular wata Baturiya da iska ta jefa ruwa. Ranar da ya fito da ita wuyansa har rawa yake.

Jubela ya zagaye shi sau biyu, ya ce, "Yaya, hula ce wannan, ko garken Baba ka ɗoro?"

"Rufe mini baki. Ran da na kawo ka garin nan, kai ne ka ga teku ka ce a gudu kogi ya kawo."

"Na ji, Yaya. Amma ka yi hankali da ƙofar barikin da muke kwana, kada ƙahonnin su maƙale."

Lahadi uku yana gilmawa ta gaban Govinda kafin mutumin ya ɗago kai. Da ya ga hular, ya saki baki. Nan da nan ya roƙi wata Baturiya mai babbar hula ta hau keken, ya gyara wa Ndabeni tsayuwa.

"Tsaya cik, ka ji? Ko ƙuda ya sauka maka a ido, kada ka motsa sai na ce."

Govinda ya cusa kai cikin baƙin ƙyallen akwatin. Jama'a suka taru. Ndabeni ya turo ƙirji. Ta wutsiyar ido sai ya hango Jubela ya lallaɓo da kekensa ya tsaya daga baya, yana murmushi, daidai inda akwatin zai kama shi.

To, ɗan rikisha in yana son ido ya bar kowa ya dawo kansa, abu ɗaya ya sani. Yakan bar sanduna su yi sama yana riƙe da su, nauyin fasinja ya ɗaga shi, ya harba ƙafa a iska yana fito. Kaf bakin tekun ba wanda ya kai Ndabeni tashi. Kafin kansa ya yi shawara, ƙafafunsa sun riga sun yanke. Ya yi sama. Baturiya ta ƙwalla ƙara, ta dafe hula. Govinda ya fito daga ƙyalle yana zagi da harshe uku.

Da aka wanke hoton, tsakiyarsa wani dogon hayaƙi ne mai ƙahonni. A kusurwa kuwa ga Jubela tangaran, har haƙoransa. Govinda ya ce wannan ba mai saye, ya miƙa wa Ndabeni. Shi ko ya sa wuƙa ya yanke Jubela, ya aika da sauran gida.

Amsa ta zo bayan wata guda. MaZungu ta ce tsofaffi sun duba, sun ce wannan ba mai rai ba ne, kurwarsa ce ta fito, har an yanka akuya. In dai yana nan lafiya, ya roƙi Jubela ya bar shi ya tsaya a bayansa a sake ɗauka.

Ndabeni ya ƙara shekara tara a bakin aiki, bai sake tsayawa gaban akwati ba. Amma duk inda ya hango ƙafa uku a kafe, an tsayar da wani ɗan rikisha ana ce masa kada ya motsa, sai ya sunkuyar da ƙahonni ya ratsa ta tsakani a guje, fasinjansa na ihu.