Dutsen da Muka Binne a Fadama

Mu mutanen bakin kogin Haɗejiya ba mu san dutse ba. Yashi ne da laka, ko dutsen niƙa sai fatake sun kawo. To ranar da na dawo daga haƙar zinariya can yamma, zamanin Turawa, da wani farin dutse kamar dunƙulen hannu, ai unguwa taruwa ta yi. Layi-layi ne a jikinsa, fari, toka-toka, fari, sai wani baƙi siriri inda zinariya ke ƙyalli ɗigo-ɗigo.

Niyyata in kwana bakwai in koma. Babana kuwa gwiwa ta fara cin sa, ga gonar shinkafa. Ba ya son in tafi, amma shi ba mai roƙo ba ne.

Ya juya dutsen, ya ƙirga layukan da farce. "Sha ɗaya. Shekararsa sha ɗaya ke nan."

"Haba Baba! Dutsen?"

"Je ka dubi gaɓar kogi. Kowace ambaliya layinta take bari. Wannan ma ruwa ne ya ajiye shi. Mu binne shi a fadama. In ya ƙara layi, me za ka je nema a uwa duniya? Sai mu shuka zinariyarmu a gida."

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Dutse yana girma? Na yarda muka binne shi, don ni ma ina son in sani. Damina guda ina noma ina leƙen wurin.

Sai da na tsufa wata jikata mai karatun duwatsu ta ce ashe Baba bai yi ƙarya duka ba. Ruwa ne, amma ruwan zafi daga ƙarƙashin ƙasa, yana bin tsagar dutse yana barin layi bisa layi, tun kafin a yi mutum.

Da ruwa ya janye muka je tonowa. Na ga ƙasar wurin da laushi, kamar an taɓa ta jiya. Na wanke dutsen, na ƙirga. Sha biyu! Gabana ya faɗi. Na sa farce, sai na ji na ƙarshen karce ne na bakin lauje, an cusa masa toka.

Na ɗago. Tsohon nan ya kau da kai yana kallon ruwa. Tausayinsa ya kama ni.

"Nawa ka samu?" ya ce.

"Sha biyu ne, Baba."

Ban koma yamma ba.