Dawar Makau Ta Kare Kanta

Makau na Yargalma mutum ne mai ɗaukar darasi, sai dai yawanci bayan jana'iza yake ɗauka. A shekarar 2010, dutsen zinariyar da ake dakawa a tsakar gidansa ya kashe masa 'ya'ya biyu da gubar dalma. Ya bar haƙa, ya sayar da injin niƙansa, ya sayi baƙin sa guda, wanda yake haɗawa da na maƙwabcinsa su yi huɗa. San nan kaɗai ne ya hana shi komawa rami.

Daminar 2015 ta fara lafiya, sai ruwa ya ɗauke kwana ashirin da uku. Ciyawar bakin gari ta ƙare, daji kuwa ɓarayin shanu sun riga kowa. Ba sauran kore sai dawar Makau, iya gwiwa, ganye a naɗe.

Lirwanu malamin gona ya taɓa yi wa manoman garin bayani cewa akwai wani furotin a jikin shuka mai aikin gadi. In fari ko cuta ta matsa, shi ke ba da umarni a toshe ƙofofin ganye, a tanadi guba don masu ci. Makau ya ce kakansa ma ya san dawar fari tana kashe dabba, kuma har ya mutu ba a ba shi babur irin na malamin gona ba.

Hure matarsa ta ba san dusar gidan duka. Da san ya fara lasar katanga, Makau ya je ya yanke kusurwa guda ta gonar da hannunsa, ya shanya a kan rumfa. In ta bushe ƙayau gubar kan fita, amma sai an yi kwana uku.

"Kwana ukku?" in ji Hure. "Kai ka hwaɗa mashi, ni kam na gaji da ba shi haƙuri."

Ba a gaya wa san ba. Da azahar, Makau na masallaci, san ya tsinke igiya ya janyo ganyen ya ci. Makau ya tarar da shi kwance, kumfa a baki, ya samu ya sa wuƙa da sauran numfashi.

Mahauci ya zo, ya ƙi wuce zaure. A garin nan, in abu ya faɗi haka kawai, sunansa dalma. Makau ya rantse dawa ce, ya jero bayanin Lirwanu kaf, har da furotin ɗin da ya yi wa dariya.

"Ni ban san wanga hurotin ba, Makau," in ji mahaucin a hankali. "Gidanka na sani."

Naman da bai sayu ba, rami aka haƙa masa.

Bayan kwana biyu aka tafka ruwa. Makau ya biya ta gona da guduma da buhu a kafaɗa, a kan hanyarsa ta zuwa ramin zinariya. Dawar da ta rage ta warware ganye, shar da ita, ko tsinke ba a taɓa mata ba.