Tarihin Gonar Inabi, Yadda Baba Ya Ba Da Shi

Gonar inabin da muke kira "gonarmu" tana kudu da Riyad, kuma ko kwandon tsince-tsince ba mu mallaka a cikinta ba. Ta iyalin kafilin mahaifina ce, mutumin da iƙamarmu, wato takardar izinin zamanmu a ƙasar, ke hannunsa. Baba ya zo daga Damagaram yana saurayi, ya tarar da fili da rijiya ɗaya. A wasu ƙasashe, kamar yadda na karanta, irin wannan gona giya take haifarwa. Tamu tarbiyya gare ta: zabibi take yi da ruwan khal, wato binega. Baba yakan zuba tsohon khal a sabon matsi tun ranar farko, don kada ruwan ya sami damar yin zunubi a hanya.

Shekarar da Baba zai koma gida gaba ɗaya, jikan marigayi mai gonar ya dawo daga karatu da shawarar buga tarihin gidansu a bayan kwalbar khal. Da ya bincika danginsa, sai ya gano babu wanda ya san tarihin sai Baba. Aka kira ni tafinta, tunda Larabcina na makaranta ne, na Baba kuwa na ba da umarni ga leburori.

Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Tun a mota ya gaya min cewa kwalba ɗaya kawai yake so ya kai Damagaram, a ga inda shekarunsa suka tafi.

Muka zauna a majalisi, aka zuba gahawa. Baba ya fara. Marigayi ne ya dasa itacen inabi na farko. Marigayi ne ya gane a yi wa inabi rumfa saboda zafin rana. Shekarar da rijiya ta yi gishiri, marigayi ne ya ceci gonar. Ni da na ga Baba yana jan tiyo har tafin hannunsa ya tsage, na fassara kalma bayan kalma, cikin nahawu mai tsabta. Jikan yana rubutawa, idonsa ya cika da ƙwalla. Bai taɓa sanin kakansa ya iya noma ba. Kakan ma bai sani ba.

A wurinmu mutum ba ya yabon kansa. Yakan bar ƙofa a buɗe wani ya shigo ya yi masa. Sau uku Baba ya yi shiru ya dube ni. Ni kuma an rene ni a kan cewa ɗa ba ya yabon ubansa a gaban idonsa. Na ƙara masa gahawa.

Kwalbar ta fito da tarihi mai kyau, zuriya uku, duk 'yan gida. Na karanta wa Baba a ɗakinmu na unguwar Al-Badi'a, akwatuna a ɗaure. Ya saurara har ƙarshe, ya juya kwalbar ko akwai saura.

"Kai," ya ce, "da na yi shiru, me kake tsammani nake jira?"

Na ce na ji kunya ne.

"To, madalla. Tarbiyya ta yi."

Ya ajiye kwalbar a kan firij, ya ce nauyin kayan ya riga ya wuce kima.