Bakin surukina

Ni baki nake kallo. Ido ana koya masa ladabi, amma leɓen mutum bai iya ɓoye hali ba. Shi ya sa a Zango duk gidan da maneman aure za su zo gaisuwa, ni ake kira. In tsaya bayan ƙyauren zaure, in leƙa ta tsaga, in dawo in ce a ba shi ko a hana.

Shekarar korona aka zo neman autata. Manemin ma'aikacin asibiti ne a garin Dogo. Ya shigo da abokinsa, kowa ɗaure da takunkumi shuɗi, daga hanci har haɓa. Na leƙa. Goshi mai faɗi, gira a cike, idanu kamar an sa musu kwalli. Na kama kaina ina ƙera masa sauran fuskar, kuma kyakkyawa na ƙera. Nan na tsorata. A shekarar kowa ya yi kyau, har mai kabu-kabun unguwarmu da haƙoransa suka zube.

Na aika da fura don ya cire takunkumin. Na manta mai neman aure ba ya cin komai a gidan surukai. Ya yi godiya, ya ture ƙwaryar gefe.

Ƙanen marigayi mijina, wanda zai ba da auren, ya ce, "Ɗana, sauke ƙyallen nan mana, ko gemun ne bai fito ba?"

Ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri. Da marasa lafiya nake wuni, kuma an ce Inna tana tari."

Ban san ko murmushi yake ba, ko taɓe baki.

Da suka tafi, ƙanen mijina ya ce, "Yaya, me kika gani?"

Na ce, "Ban ga komai ba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi, tunda ba ki ga aibu ba." Ya sa rana. Na buɗe baki in gyara zancen, sai na hangi autar a bakin murhu tana jiran hukuncina. Me zan ce, a hana shi don ya ji tausayin tarina?

Yanzu an daina takunkumi, amma ya zama suruki. Idan ya zo, daga nesa yake durƙusawa, kai a ƙasa, ni ma in kau da fuska yadda aka saba. Autar kuma tana can Dogo. Ran Juma'a takan kira ni a waya, in ce, "Auta, yaya zaman?" Ta ce, "Lafiya lau, Inna." In riƙe wayar a kunne har ta kashe.