Larabar da Aka Rufe Shagon Walda

Wata Laraba ce a daminar da na gama aji uku na lakwal, wato makarantar boko, kwana ashirin da 'yan kai bayan shuka. Tun da sanyin safiya ni da Inna muka isa gonarmu da ke kan hanyar Kyeshe, ita da hauyar Baba a kafaɗa da ƙanina Sani a goye, ni kuma da gorar ruwa da ƙaramin kalme. An yi ruwa shekaranjiya, ƙasa tana ta ƙamshi, amma haki ya riga ya kamo hatsin a tsayi, sai ka sunkuya kafin ka rarrabe su. Kwana huɗu muna zuwa, abin da muka nome bai fi tsakar gidanmu sau uku ba. Rana ba ta kai ga yin zafi ba sai muka ji hayaniyar maza daga bakin hanya. Amalanken jakai ne guda biyu, a kansu mutum takwas cikin riguna masu hudojin ƙunar tartsatsi, kowa riƙe da hauya. Na gane su duka, ma'aikatan shagon waldar da Baba yake aiki ne. Wanda ya fara dira shi ne mai shagon, Malam Isufu. Ya gaida Inna daga nesa, ya ce, "Uwargida, ki koma inuwa. Aikin Yaya Gado munka zo yi." Gado sunan Baba ne. Ba su jira amsarta ba, suka jera daga gefen gabas suka sa hauya.

A lokacin Baba yana gida kwance, idonsa na dama ɗaure da bandeji. Sati biyu kafin nan yana goge bakin wata ƙofar ƙarfe da inji, ɓarɓashi ya tashi ya shige masa ido. An kai shi likita a nan Dogon Dutsi, daga can aka tura shi Doso, aka cire ƙarfen, aka ce kada ya shiga rana, kada ya sunkuya, har sai an sake dubawa. Ƙannensa biyu sun tafi cin rani ba su dawo ba, mu kuma 'ya'yansa ni ce babba, shekarata tara. Rumbunmu ya yi ƙasa sosai, in Inna ta shiga ɗibar hatsi ba a ganin ko kanta. Ban san lissafin manya ba, amma na san abin da kowane yaro a Arewa ya sani, cewa gonar da aka makara da nomanta na farko ta mai haki ce, ba ta mai gona ba.

Shagon yana bayan tasha, wata doguwar rumfa ce ta kwano, gabanta cike da ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe da ƙafafun amalanke. Ni nake kai wa Baba hura da rana in babu lakwal. Nakan ajiye kwanon a gindin aduwar da ke gefe, in juya wa wutar walda baya kamar yadda aka hore ni, in tsinci guntayen ƙarfe masu kamar zobe da muke yi wa 'yan tsanarmu awarwaro da su. Malam Isufu bai kai Baba shekaru ba. A Sakkwato ya koyo sana'ar, ya dawo da gemu da ɗangalallen wando da wa'azin da tsofaffin unguwarmu ba sa so. Kaka, mahaifiyar Baba, wadda har ta rasu ba ta bar zuba wa Doguwa, iskar gona, hura kafin shuka ba, ko sunansa ba ta kamawa. "Yaron nan mai hana mutane abin iyayensu," haka take kiransa. Da Baba ya ji ciwo ma cewa ta yi dama ta faɗa, wanda ya bar gargajiya ya bi wutar Bature yana tare da wahala.

Wannan Larabar, kafin hantsi labari ya kai gida. Kaka da kanta ta zo, tana dogara sanda, tare da maƙwabciyarmu ɗauke da ƙwaryar hura da kwanon kopto, wato dafaffen zogale da ƙuliƙuli. Ta zauna a gindin gawo tana kallonsu. Ba dukansu ne suka iya noma ba. Akwai Kosi, wani mutumin Togo da ya fi kowa iya walda, wanda sau biyu yana sare hatsi a madadin haki, ana yi masa dariya shi ma yana yi. Ni aikina zagayawa da gora. Hannayensu da suka saba da guduma sun yi kanta, amma ƙotar hauya daban take ci, kafin azahar biyu daga cikinsu sun yi bororo a tafi.

Ana cikin haka wata mota ta tsaya a bakin hanya, wani Alhaji ɗan kasuwa daga Tibiri ya fito yana tattare babbar rigarsa saboda raɓa da ƙarangiya. Ashe ranar ce aka yi da shi zai karɓi ƙofofin sabbin shagunansa, ya je ya tarar da shago a rufe, aka kwatanta masa gonar. Ya yi faɗa sosai. Ya ce shi bai taɓa ganin inda mai sana'a ya rufe sana'arsa ya tafi ƙwadagon gonar yaronsa ba. Malam Isufu ya saurare shi har ya gama, hauya tana jingine a ƙirjinsa, sannan ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, na saɓa maka alkawari, laihina ne. Amma ƙofa tana jiran Asabar, haki ba shi jira." Alhajin bai haƙura ba. Ya ce a bar aikin, zai kai wani wuri, kuma ya kai ɗin. Daga baya na ji Baba yana gaya wa Inna cewa aikin nan shi ne mafi girma da shagon ya samu a wannan shekara. Da motar ta tashi, Malam Isufu ya tofa yawu a tafinsa ya koma layinsa.

Ba su gama a ranar ba, sai da suka dawo da safiyar Alhamis suka ƙarasa kafin su buɗe shago. Da la'asar ɗin Alhamis Malam Isufu ya zo gidanmu, ya zauna a tabarma kusa da Baba, ni ina gefe ina tsince wake. Na ji yana cewa madubin kare ido guda ɗaya ne tak a shagon, ana karɓa-karɓa, kuma ya daɗe da sanin bai isa ba, ya yi ta cewa sai wata mai zuwa. Baba ya ce ƙaddara ce. Shi kuma ya ce, "Ƙaddara ce, Yaya, amma da sakacina a ciki." Ban taɓa jin babba ya faɗi haka a gaban wanda yake ƙarƙashinsa ba. Kafin sati ya zagayo kowane ma'aikaci yana da madubinsa rataye a wuya, kuma wanda aka kama ya kunna inji babu shi, ranar gida zai koma.

Ban san ko tun farko ya yi niyyar abin ya ɗore ba. Abin da na sani shi ne Larabar da ta biyo baya ma an rufe shagon, aka tafi gonar wani ma'aikacin da matarsa ta haihu, ta gaba kuma aka tafi ta wani. Haka ya zama kowace Laraba ta damina shagon gaba ɗaya gayya yake zuwa gonar mutum ɗaya, bi da bi, kuma ba a rage wa kowa albashinsa saboda ranar. Mu yara muka mai da ita ranar biki. Mukan bi amalanke a guje, mu ɗebo ruwa, mu tsinko yaɗiya da tafasa a bakin gona, in rana ta yi sanyi mu zauna carabke da duwatsu a inuwar kalgo har a tashi.

Da layi ya zo kan Kosi sai aka tsaya, don shi baƙo ne, ɗaki ɗaya yake haya, ba shi da ko taki ɗaya na gona. Wasu suka ce a tsallake shi. Malam Isufu ya ce a'a, wanda ya yi wa kowa dole a yi masa, ya faɗi abin da yake so. Cikin gurguwar Hausarsa Kosi ya ce ɗiyarsa Afi a ƙasa take zama a lakwal. Gaskiya ne, ajinmu ɗaya da Afi. Teburan ajin, irin masu haɗe da benci, rabinsu sun karye an jibge su a bayan ɗaki, mu na baya kowa da buhun da yake shimfiɗawa, muna rubutu a kan gwiwa. Aka je aka samu mushe babba, shugaban lakwal ɗin, ya zo da makulli duk da ana hutu. Ranar Larabar Kosi aka kwaso teburan a amalanke zuwa shago, aka wuni ana miƙe ƙafafu ana liƙawa, wani kafinta maƙwabcinsu ya ga abin ya kawo ragowar katakonsa. Da aka koma lakwal, karon farko ke nan da na zauna a kan benci tun shigata. Ina tuna yadda wajen waldar yake da kaushi, yana kama mini zane.

Daga nan ko da damina ta wuce ba a bar abin gaba ɗaya ba. Larabar farko ta kowane wata ta zama ta gari. Ma'aikatan ne suke kawo shawara, kowa daga unguwarsa, a zauna a gindin aduwa bayan sallar azahar a zaɓa. Sun yi wa rijiyar unguwarmu murfi bayan akuya ta faɗa ciki, sun gyara gadajen ɗakin haihuwa, sun yi wa maƙabarta ƙofa saboda jakai. Ba a rubuta sunan shagon a jikin ko ɗaya ba. Ba kuma kowa abin ya yi wa daɗi ba. Samari biyu sun bar aikin, suka ce su walda suka zo koyo ba aikin gayya ba. Shi kansa Malam Isufu ba mutum ne mai sauƙi ba, yana da tsawa, kuma in ka makara da safe sai ka gwammace duka da maganarsa. Amma matan ma'aikatan sun san ƙofar gidansa, kuma in yaro ya kwana da zazzaɓi ba a neman izini sau biyu kafin uba ya tafi likita.

Idon Baba bai dawo ba. Da aka kwance bandejin, ɗayan ne kawai yake gani, walda kuma ta haramta gare shi. Ya yanke shawarar ba zai koma ba, ya ce shi ba zai zauna ana ba shi albashin tausayi ba. Sau biyu Malam Isufu yana aikowa, Baba yana cewa a gaishe shi. A karo na uku ya zo da kansa ɗauke da wata taga da aka yanka a karkace, ya ajiye ta a gaban Baba, ya ce tun tafiyarsa babu mai awo daidai, ƙarfe yana ta lalacewa. Baba ya shafa tagar da hannu, ya yi tsaki, ya tambayi wanda ya yi wannan ɓarna. Washegari ya ɗauki hularsa ya fita. Awo da zane da koyar da sabbin shiga suka zama aikinsa, ya yi shekara goma sha wani abu a kai kafin ƙarfinsa ya ƙare. Har yau ban sani ba ko da gangan aka karkata tagar.

Hatsinmu ya yi kyau a wannan shekara, ba na ban mamaki ba, amma ya kai mu wata daminar. Ranar da aka kawo dammuna gida, Kaka ta zaɓi dami mafi tsawon zangarniya ta sa aka kai shago. Ta bi bayan mai ɗaukar har can, ta tsaya a bakin rumfa ta ce, "Isufu, ga naka." Ranar na fara jin sunansa a bakinta. Ya durƙusa har ƙasa ya karɓa, ya ce, "Na gode, Iya." Wa'azinsa bai canza ba, ita ma ba ta bar zuba hurarta a gona ba, amma daga ranar in ya wuce ƙofar gidanmu sai ya tsaya sun gaisa.

Yanzu ni ma ina da shagon ɗinki a cikin gari, mata bakwai suna aiki a hannuna. Garin ya faɗaɗa har ya kusa cinye gonarmu, noma ya koma na 'yan ƙwadago, shagunan walda sun yi yawa, kowa yana tsoron in ya rufe na awa ɗaya maƙwabcinsa zai ɗauke masa mai saye. Taimako bai ƙare ba, sai dai yanzu yakan zo da rumfa da lasifika da masu ɗaukar hoto, a raba a watse, waɗanda suka ɗauko kayan a ka ba wanda ya tambaye su yadda suka baro gida. Ina ƙoƙarin ware safiya ɗaya a wata mu ɗinka wa jariran ɗakin haihuwa 'yan riguna da ragowar yadi. Wani watan mu yi, wani watan, musamman gab da salla, in ga tulin ɗinki in yi kamar na manta.

Bara na je gaida Malam Isufu. Ya tsufa, ƙarar guduma ta cinye masa kunne, sai an ɗaga murya. 'Ya'yansa sun sayar da shagon tuntuni. Na tambaye shi yadda aka yi ya yi tunanin abin nan tun farko, don ina so in koya. Ya ce, "Ɗiyata, ba wani tunani na yi ba. Mutanen da ka wuni da su kullum, in ba ka san abin da ke damunsu ba, wa za shi sani?" Daga nan ya shiga tambayata sunayen matan da ke shagona, da na 'ya'yansu. Na kawo na matan duka bakwai. Da aka zo kan 'ya'yan, a mace ta uku na tsaya, ban san sunan nata ba.